Odita Shaida Ne: Yadda Za Ka Raba Binciken Asusu da Sauran Ayyukan Akanta

Bayan kakar bara wani dattijo mai injin casar shinkafa a nan Gombe ya aiko a kira ni. Ya nemi rance a banki don ya sayi shanshera ya tara kafin farashi ya tashi, ya kai musu asusun shekara uku da sa hannun odita, wato mai binciken asusu, da hatimi, amma suka ce sai an sake duba lissafin. Ransa a ɓace yake. Ya ce da ni, "Malam, mutumin nan shekara goma sha biyu muna tare. Shi ke rubuta mini littattafai, shi ke cika takardun haraji, shi ya samo mini yaron da ke riƙe da kuɗi, shi ke bincike a ƙarshen shekara. Ko kwabo bai taɓa ci mini ba." Na ce, "Alhaji, ban musa amanarsa ba. Amma duk abin da ka lissafa yanzu shi ne dalilin da ya sa banki ya ƙi karɓar shaidarsa."

Wannan jagora na rubuta ta ne don masu kamfani, daraktoci, shugabannin ƙungiyoyin gama kai, masu makarantun kuɗi da 'yan kwamitin ƙananan bankuna a Gombe da Bauchi, waɗanda ofishin akanta ɗaya ke yi musu komai.

Tushen maganar ba baƙo ba ne a wurinmu. A kotun alƙali ba a karɓar shaidar wanda zai ci moriyar hukuncin, ko wanda shaidar za ta kare shi daga wata asara, komai kirkinsa. Ba a ce maƙaryaci ne ba, an dai ce matsayinsa ya hana. To odita shaida ne. Kamfani ke biyansa, amma sa hannunsa na wasu ne: masu hannun jarin da ba sa zama a ofis, banki, hukumar haraji, marayun da gadonsu ke cikin kamfanin. Ranar da ya zama shi ne ya rubuta abin da yake ba da shaida a kai, ko abincinsa ya rataya a kan jin daɗin manaja, sa hannun ya rage daraja ko da lissafin daidai yake.

Duniya ta koyi wannan da tsada. Kamfanin makamashi na Enron a Amurka ya durƙushe a watan Disamba na 2001. A shekarar 2000 ya biya masu bincikensa, Arthur Andersen, dala miliyan 25 kuɗin bincike, da dala miliyan 27 kuɗin shawarwari da sauran ayyuka. Wato aikin gefe ya fi ainihin aikin kawo kuɗi. Kafin 2002 ta ƙare Andersen, mai ma'aikata kimanin 85,000 a faɗin duniya, ya daina binciken manyan kamfanoni, Amurka kuma ta kafa dokar Sarbanes-Oxley wadda ta haramta wa odita yi wa kamfanin da ke kasuwar hannun jari ayyuka irin su rubuta littattafai, ƙiyasta darajar kadara, tsara manhajar lissafi da gudanar da binciken cikin gida. Namu kamfanonin ba su kai girman wannan ba, amma halin ɗan Adam ɗaya ne a Hustan, mazaunin Enron, da Tudun Hatsi.

Matakin farko: san irin gidan da kake

Dokar Najeriya ba ta yi wa kowa kuɗin goro ba. Akwai hukumomin da ake ɗauka na amanar jama'a: bankuna, kamfanonin inshora, kamfanonin da ake cinikin hannun jarinsu. A kansu aka fi tsananta. Gyaran da aka yi wa dokar FRC, hukumar kula da rahoton kuɗi ta ƙasa, a 2023 ya faɗaɗa wannan rukuni, don haka idan kana ƙarƙashin wata hukuma mai sa ido kamar Babban Banki, ka tambayi lauyanka a rubuce ko kun shiga ciki.

A ɗaya ƙarshen kuma, dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ɗauke wa ƙaramin kamfani wajibcin naɗa odita. Daga cikin sharuɗɗan zama ƙarami akwai cinikin shekara da bai wuce naira miliyan 120 ba, da tsabar kadara da ba ta wuce naira miliyan 60 ba. Idan kana nan, kuma babu banki ko mai zuba jari da ya nemi bincike, ka bar akantanka ya yi maka komai, kawai kada a kira abin da ya fitar binciken asusu. Yawancinmu dai muna tsakiya ne: mun fi ƙarfin sassauci, ba mu kai na amanar jama'a ba.

Mataki na biyu: rubuta duk abin da ofishin ke yi muku

Ɗauki takarda. Kada ka dogara da ƙwaƙwalwa, kada kuma ka tambayi ofishin tukuna. Ka sa mai riƙe da kuɗi ya fito da duk rasit da takardun biya na shekara uku da suka wuce da sunan ofishin, da sunan mai ofishin, da sunan duk wani kamfanin shawarwari da yake da hannu a ciki. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin sau da yawa za ka tarar ofishin bincike da kamfanin shawara suna daban a takarda amma ɗaki ɗaya, mutum ɗaya, lambar waya ɗaya. Ƙa'idar aiki tana ɗaukarsu abu guda.

Sai ka ƙara abin da ba a biya ba, wanda shi aka fi mantawa. Yaron ofishin da ke zuwa duk Juma'a ya shigar da ciniki a kwamfuta. Rakiyar da odita ke yi maka zuwa banki. Kiran da kake yi masa kafin ka ƙara albashi. Zaman da yake yi a taron daraktoci yana rubuta abin da aka tattauna. Makullin manhajar lissafi da ke hannunsa. A wajen dattijon da na ambata mun ƙirga ayyuka tara, shi kuwa huɗu ya sani.

Mataki na uku: auna kowane aiki

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci biyu na Najeriya, ICAN, wadda aka kafa a 1965, da ANAN, wadda ta samu dokarta a 1993, duk mambobi ne na ƙungiyar akantoci ta duniya, kuma ƙa'idar ladubban aiki da IESBA, hukumar duniya mai tsara ladubban akantoci, ta fitar ita ce madubi. Ƙa'idar ta lissafa hanyoyi biyar da 'yancin odita ke raunana: son moriyar kai, duba aikin hannunsa, zama mai kare kamfani, sabo, da tsoro. Maimakon ka haddace su, ka yi wa kowane aiki da ke takardarka waɗannan tambayoyi.

Tambaya ta farko, wa ya yanke shawara? Wannan layi ne da babu mai izinin tsallakawa, babba ko ƙarami. Odita ba ya ɗaukar ma'aikaci ko korarsa, ba ya amincewa da fitar da kuɗi, ba ya sa hannu a cak, ba ya riƙe kadarar kamfani, ba ya zaɓar muku tsarin da za ku bi. Yana iya ba da shawara, amma dole a samu wani a cikinku da ya fahimci maganar, ya auna, ya ce e ko a'a da sunansa. Idan babu irin wannan mutum, duk abin da odita ya faɗa shi ake yi, to a aikace shi ne manaja. Dokar CAMA ma ta hana jami'in kamfani ko ma'aikacinsa zama oditansa.

Tambaya ta biyu, shin abin da ya yi zai dawo gabansa lokacin bincike? A ganina wannan ce cutar da ta fi yawa a garuruwanmu. Wanda ya shigar da ciniki watanni goma sha biyu, idan ya zo bincike a wata na goma sha uku ba ya neman kuskure da idon baƙo, yana karanta abin da ya riga ya yarda da shi ne. Idan kuma ya ga kuskuren, faɗinsa na nufin ya tona wa kansa asiri a gaban wanda ya biya shi. Mutane kaɗan ne ke iya wannan, kuma bai kamata a gina tsari a kan kaɗan ɗin ba. Tun 15 ga Disamba 2022, ƙa'idar duniya ta hana odita yi wa hukumar amanar jama'a duk wani aikin da zai iya sa shi duba aikin kansa. Ga sauran kamfanoni an bar 'yar ƙofa: yana iya yin aikin da ba ya buƙatar hukunci, kamar lissafa albashi daga bayanan da ku kuka ba shi kuka amince da su, da sharaɗin a ɗauki matakin kariya, misali wanda ya yi aikin ba ya cikin masu binciken.

Ka lura da ƙiyasin daraja musamman. Buhu nawa ne a sito, nawa ya lalace, nawa ne darajar injin da aka saya shekara shida da suka wuce, wane bashi ne na 'yan kasuwa ba za a taɓa biya ba? Waɗannan lambobi ne da hukuncin mutum ke juya su, kuma su ke mayar da asara riba. Idan ƙiyasin na da nauyi a asusun kuma ya dogara sosai da ra'ayi, odita ba shi da damar yin sa ko da kamfanin ƙarami ne. Ku kira mai ƙiyasin kadara mai rajista, ku bar odita ya zo ya ƙalubalanci abin da ya rubuta.

Tambaya ta uku, shin aikin zai sa ya tsaya a ɓangarenku gaban wani? Haraji ne babban misali, kuma ba duka aikin haraji ne matsala ba. Cika takardar haraji daga asusun da aka riga aka kammala, ku duba ku sa hannu, yawanci ba ya taɓa 'yancinsa. Amma ya ƙirƙiro muku dabarar rage haraji sannan ya zo ya ce adadin harajin da ke asusun daidai ne, wannan duba aikin kai ne. Ya tsaya ya kare ku a kotun haraji kan kuɗi mai nauyi, wannan aikin lauya ne, kuma lauya ba ya zama shaida a shari'ar da yake karewa. Haka nan shirya takardar neman rance, da hasashen ribar shekara biyar, da zuwa banki a lallashi manaja. Wanda ya yi wa banki alkawarin riba a bana, da wane baki zai rubuta asara a baɗi?

Tambaya ta huɗu ta shafi ɗaukar ma'aikata. Al'ada ce a ce da odita, "Samo mana yaro nagari." Ga magatakarda ko mai karɓar kuɗi a kanta, abin da sauƙi. Amma darakta, ko babban akantan da zai riƙe littattafai, odita ba ya nemo shi kuma ba ya cewa wane za a ɗauka. Yaron da ya kawo yaronsa ne, kunyarsa kunyarsa ce.

Sai sabo. Ido wa ka raina, in ji Hausawa, wanda nake gani kullum. A gari kamar Gombe ko Bauchi, inda odita da manaja ke sahu ɗaya a masallaci, suke haɗuwa a ɗaurin aure da ta'aziyya, wani lokacin ma akwai surukuta, ba za a ce a daina zumunci ba, kuma ni ba zan ce ba. Abin da za a iya shi ne kayyade lokaci. Ƙa'idar shugabancin kamfanoni ta Najeriya ta 2018 ta ce ofishin bincike kada ya wuce shekara goma a jere, kada a dawo da shi sai bayan shekara bakwai, jagoran binciken kuma a sauya shi duk shekara biyar. Ko da ƙa'idar ba ta hau kanku ba, ma'auni ne mai kyau. Buhun shinkafa da rago na sallah ma su shiga lissafi: abin da aka yarda odita ya karɓa daga wanda yake bincika shi ne wanda bai taka kara ya karya ba.

Mataki na huɗu: bi sawun kuɗin

Raba abin da kuka biya gida biyu, na bincike da na sauran ayyuka, ka haɗa na shekara uku. A ce kuna biyan naira 800,000 na bincike a shekara, amma rubuta littattafai da haraji da shawarwari sun kai naira miliyan 3. Duk ranar da odita ya yi niyyar rubuta abin da manaja ba ya so, ba 800,000 yake jefawa cikin haɗari ba, miliyan 3 da dubu 800 ne. Wanda ya ci ladan kuturu an san abin da ya wajaba a kansa. Tarayyar Turai, a dokarta ta 2014, ta kayyade wa hukumomin amanar jama'a cewa kuɗin ayyukan gefe kada ya wuce kashi 70 cikin 100 na matsakaicin kuɗin bincike na shekara uku. Wannan dokarsu ce, ba tamu ba, amma ni da ita nake aunawa: da zarar na gefe ya kamo na bincike, sai a zauna.

Akwai ɗaya gefen, wanda ku ba ku gani sai kun tambaya: nawa ne kasonku a cikin duk abin da ofishin ke samu? Ƙa'idar duniya ta sa alama a kashi 15 na shekara biyu a jere ga hukumomin amanar jama'a, da kashi 30 na shekara biyar a jere ga sauran. Idan an haura, ana buƙatar wani ƙwararre daga wajen ofishin ya sake duba aikin. Ƙaramin ofishi mai manyan kwastomomi biyu ko uku yana iya haurawa ba tare da ya lura ba.

Abu biyu kuma da ke hannunku. Kada ku riƙe wa odita kuɗin bara har ya fara binciken bana, domin ya zama mai bin ku bashi, mai bin bashi kuwa yana son a ga kuna da lafiya. Kada kuma ku yi yarjejeniyar "idan banki ya ba da rance za ka samu kaso kaza". Kuɗin bincike ba a rataya shi a kan sakamako.

Zan ƙara da abin da nake gani laifinmu ne mu masu ba da aiki. Muna murƙushe kuɗin bincike har ya zama ba ya biyan kwanakin da aikin ke ci, sai ofishin ya karɓa don ya san zai fanshe ta haraji da shawarwari. Mu muka tura shi. Binciken da ya haɗa da ƙirga kaya a sito, rubuta wa bankuna da masu bashi su tabbatar da adadi, da bin rasit ɗaya bayan ɗaya, aikin makonni ne. A biya shi a matsayin haka.

Mataki na biyar: raba aikin

Yanzu takardarka ta kasu uku: abin da dole a janye daga hannun odita, abin da zai iya ci gaba da shi da sharaɗi, da abin da ba shi da laifi. Zaɓin da ya fi tsabta shi ne ofisoshi biyu. Kuma sau da yawa wanda ya daɗe da ku shi ya fi dacewa ya riƙe littattafai da haraji da shawara, tunda ya san gidan ciki da waje, sai a ɗauko sabo don bincike. Tsohon ofishin bai yi asara ba, domin galibi kuɗin na can ɓangaren.

Za a ce akantoci masu lasisin bincike ba su da yawa a nan. Gaskiya ne ba mu kai Kano ko Kaduna ba, amma tsakanin Gombe, Bauchi, Jos da Yola ba za a rasa ba, kuma odita daga wani gari yana zuwa da fa'idar rashin sabo. Ka nemi ganin lasisinsa na aiki da lambar rajistarsa ta FRC, ka kuma tambaye shi kai tsaye ko yana da wata alaƙa da tsohon ofishin. Ofisoshi biyu da ke musayar sa hannu, wannan ya rubuta wancan ya buga hatimi ba tare da ya taka sito ba, sun fi tsohon tsarin haɗari.

Idan dole sai ofishi ɗaya ya riƙe wani aikin da aka halatta, a sa sharaɗi a rubuce: mutane daban, jagora daban, takardar yarjejeniya daban, rasit daban. Ofishin mutum ɗaya da yara biyu ba zai iya cika wannan ba, kuma gara a faɗi hakan tun farko. Hanya mafi ɗorewa dai ita ce ku ɗauki naku akantan. Jami'ar Jihar Gombe, ta Tarayya da ke Kashere, ATBU da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Bauchi suna yaye matasa masu ilimin lissafin kuɗi duk shekara, da yawansu na zaune.

Mataki na shida: sa mai tsaron ƙofa

Kada manaja shi kaɗai ya riƙa ba odita ƙarin aiki, domin shi ne wanda ake bincika. A kamfanin jama'a CAMA ta tanadi kwamitin bincike mai mutum biyar, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa gudanar da harkar yau da kullum. Ƙaramin kamfani ko ƙungiyar gama kai na iya kwaikwayon haka da mutum uku da ba sa taɓa kuɗi. Su ne za su amince da duk aikin gefe kafin a fara shi, su karɓi takarda daga odita duk shekara da ke lissafa ayyukan da ya yi da kuɗin kowanne da duk wata alaƙa ta jini ko ta kasuwanci, su kuma zauna da shi sau ɗaya a shekara ba manaja a ɗakin. A wannan zama a yi masa tambaya ɗaya: akwai abin da ka so ka rubuta aka roƙe ka ka bari?

Saura yadda za a gaya wa tsohon abokin aiki, wanda shi ne abin da ya fi yi wa dattijon nan nauyi. Na ba shi shawara kada ya aika wasiƙa, ya je da kansa, ya kuma yi haka wata uku kafin ƙarshen shekarar kuɗi don sabon odita ya samu halartar ƙirgar kaya. Ya je ya ce masa, "Malam, amanarka ce ta kawo mu nan, kuma littattafaina ba za su bar hannunka ba. Banki ne ke son shaida daga wanda bai rubuta ba." Mutumin ya ce shi ma ya daɗe yana jin nauyin abin, kunya ce ta hana shi faɗa. Sabon oditan ya rubuto masa takardar neman bayani kamar yadda ladabin aikin ya tanada, ya amsa cikin mako guda, ranar ƙirga kuma dukansu biyu suka shiga sito tare da mai gadi da ma'auni.